Sabar, Girgije ko NAS: Wanne Ya Kamata Ma'aikatarku Ta Saya?

Duk ma'aikatar da ma'aikatanta suka haura goma sha biyar, makaranta ce ko asibiti ko ƙungiyar agaji, akwai ranar da za ta farga cewa bayananta a warwatse suke. Lissafin kuɗi yana kwamfutar akanta, jerin albashi yana cikin filashin sakatare, kwangiloli suna cikin imel ɗin shugaba. Sai a kira taro a ce a sayi sabar, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke shiga don ajiya da aiki. Kafin ku sa hannu a takardar kowane ɗan kwangila, ku sani hanyoyi uku ne a gabanku, kuma wadda aka fi tallata muku ba ita ce ta fi dacewa da yawancinku ba.

Babbar sabar, irin Dell PowerEdge ko HPE ProLiant, kaya ce mai kyau, amma ta waɗanda ke da manhajar da ba ta aiki sai da ita, kamar rumbun bayanan marasa lafiya ko manhajar lissafi da mutane da yawa ke shiga lokaci guda. Tana son ɗaki mai sanyi da ƙwararren da zai zauna mata. Lasisin Windows Server kuma ba ya tsayawa a kan na'urar kaɗai, sai an saya wa kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta izinin shiga daban. In ajiye takardu ne kawai buƙatarku, ku wuce ta.

Girgije kuwa, wato ajiya da aiki a kan kwamfutocin wani kamfani ta intanet, iri biyu ne, kuma masu talla suna son cakuɗa su. Na farko shi ne hayar imel da manhajojin ofis, wato Microsoft 365 ko Google Workspace. Wannan ku karɓa babu musu, domin a yau babu ƙaramar ma'aikatar da ya kamata ta riƙe sabar imel da kanta. Na biyu shi ne hayar sabar sukutum a wajen Amazon Web Services ko Microsoft Azure. A nan mita ce ke juyawa dare da rana, ana cajin ku kuɗin ajiya, a sake cajin ku in za ku sauke bayananku, kuma ranar da intanet ta yanke aiki ya tsaya cak. Kada ma ku ɗauka cewa abin da ke girgije ba ya ɓata. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVHcloud a Strasbourg da ke Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. Ko a Google Drive, abin da aka jefa kwandon shara kwana 30 yake yi ya tafi.

Zaɓina shi ne NAS, kuma ba na ɓoye hakan. Ƙaramar akwati ce mai gurabun faifan ajiya, ana jona ta da layin sadarwar ofis, kowa ya riƙa ajiya da ɗauka a wuri guda, kowane sashe da babban fayil ɗinsa da makullinsa. Wuta kaɗan take ci, ba ta da ƙara sosai, kuma ba ta neman lasisi a kan kowane mutum. Cikin masu ƙera ta na fi natsuwa da Synology, kamfanin Taiwan, saboda manhajarsa ta DSM. A burauza ake sarrafa ta, wanda ya iya buɗe imel zai iya koyon ƙara sabon ma'aikaci ko cire wanda ya bar aiki cikin yini guda.

Ku ɗauki mai gurbi huɗu, ba mai biyu ba. Da faifai huɗu za ku iya tsara su a kan RAID 6, tsarin da ke sa faya-fayan su riƙa tallafar juna, ko abin da Synology ke kira SHR-2, inda ko biyu sun mutu bayananku suna nan. Sannan ku zaɓi tsarin fayil na Btrfs tun wajen kafawa, domin shi ke ba da damar ɗaukar hoton yanayin fayiloli kowace awa. Amfanin wannan sai ranar tsautsayi ake ganinsa. Ma'aikaci ya goge babban fayil ɗin shekara, ko masu garkuwa da bayanai sun shigo ta kwamfutar wani sun kulle komai suna neman kuɗin fansa, sai ku koma hoton ƙarfe tara na safe ku dawo da kayanku. Akwai Active Backup for Business, wadda ke kwafe kwamfutocin ofis gaba ɗaya zuwa cikin akwatin ba tare da ƙarin lasisi ba, akwai kuma Hyper Backup mai kulle bayanai da mabuɗin sirri ta tura su girgije da daddare. A nan ne girgije ke da amfani na gaske: wurin ajiye kwafin ko-ta-kwana. Da haka kun cika ƙa'idar nan ta 3-2-1, kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen ginin. RAID kaɗai ba ya kare ku daga gobara, sata ko ambaliya.

Synology ma ba ya rasa abin faɗa. A 2025 ya tayar da ƙura da ya taƙaita irin faya-fayan da sababbin na'urorinsa za su karɓa, daga baya ya sassauta, don haka ku duba jerin faifan da samfurin ya amince da su kafin ku biya. QNAP ya fi shi ba da ƙarfin inji, amma harin DeadBolt na 2022 a kan na'urorinsa da aka bari a buɗe ga intanet ya sa ba na saurin ba da shawararsa. TrueNAS na masu son haɗa abinsu da hannu ne. Kowacce kuka saya, kada ku buɗe ta kai tsaye ga intanet, ma'aikatan nesa su shigo ta VPN, wato kulallliyar hanyar sirri ta cikin intanet. Ku haɗa mata UPS, batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, da wayar USB, don ta kashe kanta a tsanake in batir ya kusa ƙarewa.

Sai dai duk wannan zaɓe aikin banza ne in kayan da aka kawo muku jabu ne, kuma a nan ne aka fi cutar ma'aikatu.

Faifan ajiya shi ne kan gaba. An taɓa kawo wa wata ƙungiya da nake kula wa da kwamfutoci faya-fayai huɗu a liƙe cikin leda, mai kawo kayan yana cewa sababbi ne fil. Ba a rufa shekara ba ɗaya ya fara ƙas-ƙas ya mutu, ana cikin sake gina bayanai a kan madadinsa na biyu ya bi shi. Da na ciro su na haska da tocila, ramukan noti duk a goge suke, haƙoran jonawa da zanen an sha sakawa ana cirewa. Na saka lambar siriyal a shafin kamfanin da ya ƙera su, garantin ya ƙare tun kafin a sayar mana. Kwafin da ke girgije ne ya ceci albashin mutane a watan nan. Mai kawo kayan kuwa ya daina ɗaukar waya.

Kada ku dogara da ƙidayar SMART kaɗai, wato awannin da faifai ke nunawa ya yi yana aiki, domin 'yan damfara sun iya mayar da ita sifili. A farkon 2025 aka gano faya-fayan Seagate Exos na hannu da wasu dillalai suka sayar a matsayin sababbi a ƙasashe da dama. SMART na nuna ba a taɓa kunna su ba, amma wani kundi na ciki mai suna FARM ya tona cewa sun yi dubban awanni suna juyawa. Manhajar smartmontools tana karanta wannan kundin. Ku sa a karanta muku a gabanku. Ku kuma tabbata faifan CMR ne ba SMR ba, waɗanda hanyoyi biyu ne na rubuta bayanai a kan faifai, domin SMR yana jan ƙafa sosai wajen sake gina RAID. Bayan ce-ce-ku-cen 2020 ne kamfanin Western Digital ya ware Red Plus daga cikin faya-fayansa na Red a matsayin mai CMR, saboda haka sunan Red kawai bai isa ba.

Sai wayar sadarwa. Kwali yana ɗauke da rubutun Cat6, mita 305, amma abin da ke ciki alminiyom ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. Ku yanko ɗan tsinke guda ku kankare shi da reza. Na gaske ja ne har cikinsa, jabun kuwa nan take fari zai bayyana. In kuka kara masa wutar ashana zai lanƙwashe ya narke. Irin wannan waya tana karyewa a cikin bango, ba ta kai mita 100 ɗin da ƙa'ida ta tanada lafiya lau, kuma tana zafi in aka ɗora mata kyamarori ko na'urorin Wi-Fi masu shan wuta ta cikin wayar. Wanda aka yi wa wannan cuta sai ya kwashe watanni yana zargin kamfanin intanet, alhali matsalar tana cikin silin ɗinsa.

Suwic da rauta, na'urorin da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna da kuma intanet, su ma ana yin jabunsu, har manya ba su tsira ba. A 2024 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa shekara shida da rabi saboda sayar da kayan Cisco na bogi, waɗanda suka kai har asibitoci, makarantu da rundunar sojan ƙasar. In an cuci waɗannan, ku ma sai kun sa ido. Haka lasisin Windows da Office da ake turo muku lambarsa ta saƙon waya a farashin da bai kai na gaske ko kusa ba: yana iya aiki yau, a toshe shi gobe. Ku lura kuma da masu cusa muku tsofaffin kwamfutoci masu Windows 10, wadda Microsoft ya daina tallafa wa a ranar 14 ga Oktoban 2025, tun da yawancin tsofaffin ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Ku sa a rubuce a kwangila cewa za a ba ku lambar siriyal ta kowane kaya kafin a kawo, ku duba ta da kanku a shafin maƙerin, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai an goge wani fayil an dawo da shi daga kwafin girgije kuna kallo. Asusun girgije, sunan shafinku na intanet da kalmar sirrin babban mai kula duk su kasance da sunan ma'aikata da imel ɗinta, ba na ɗan kwangila ba. Mutum biyu daga cikinku su riƙe kalmar, a kuma rubuta mabuɗin sirrin Hyper Backup a takarda a kulle a sef, domin in ya ɓata ko Synology ba zai iya buɗe muku kwafin ba.