Waya ko Tsohuwar Kyamara: Wacce Ta Fi Koya wa Ɗalibi Ɗaukar Hoto?

Ƙanina, ga tambayarka kamar yadda na fahimce ta. Kana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ka daɗe kana ɗaukar hoto da wayarka, yanzu ka ɗan tara kuɗi. Kana so ka san ko ka sayi tsohuwar kyamara ta hannu irin su Canon 600D ko Nikon D3200, ko ka ci gaba da wayar da kake da ita, ko kuma ka cika kuɗin ka sayi wata wayar da ake yabon kyamararta. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce maka waya ta riga ta kashe kasuwar kyamara, wasu kuma sun ce wanda bai rataya kyamara a wuya ba bai fara ba. Ni a ganina kowane ɓangare ya faɗi rabin magana ne, domin abin da waya ke koyarwa daban, abin da kyamara ke koyarwa daban.

Waya ta fi kyamara abu ɗaya babba: kullum tana aljihunka. Mafari kuma ba abin da yake buƙata kamar yawan ɗauka da yawan kallon haske. Je ka hasumiyar Gobarau da tsakar rana ka ɗauke ta, sannan ka koma bayan La'asar sakaliya ka tsaya daidai inda ka tsaya ɗazu. Da tsakar rana hasken daga sama yake saukowa, launin ƙasar ya kode, ginin ya fito shafe ba armashi. Da yamma kuwa rana ta yi ƙasa, hasken yana dukan bangon daga gefe, sai duk wani tudu da kwarin yaɓen ya fito da 'yar inuwarsa, jan ƙasar ya yi ɗumi. Hasumiyar ba ta wuce tsayin mita 15 ba, amma idan ka tsaya a gindinta ka ɗaga waya sama za ka ga ta tsuke daga ƙoli kamar za ta faɗi baya. Ja da baya, riƙe wayar a miƙe, kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara, sai ginin ya miƙe. Duk wannan darasin, na lokacin fita, da wurin tsayawa, da abin da za ka bari a cikin hoto da abin da za ka fitar, ba ya buƙatar ka kashe ko kwabo. Mutane da yawa sun sayi kyamara mai tsada alhali ba su taɓa lura cewa mutumin da ke zaune a bakin zaure, haske na shigo masa ta ƙofa ɗaya, ya fi wanda aka tsayar a tsakar gida cikin rana kyawun ɗauka ba.

Matsalar waya ita ce tana ɓoye maka dalili. Idan ka danna, yawancin wayoyin yanzu ba hoto ɗaya suke ɗauka ba. Da yawa suke ɗauka a jere cikin ƙiftawar ido, su haɗa su, su haskaka inda ya yi duhu, su rage inda ya yi fau, wasu har su goge fatar fuska ba tare da an sa su ba. Hoton zai yi kyau, kai kuma ba ka san me ya sa ya yi kyau ba, ranar da ya lalace ma ba ka san inda za ka gyara ba. Kamar koyon tuƙi ne da mota otomatik: za ka iya hanya, za ka iya kwana, amma ba ka san abin da giya ke yi ba. Ko dishi-dishin bayan mutum da waya ke yi, lissafi ne ba aikin gilashi ba. Buɗe hoton ka duba gefen rawani ko bakin mayafi, za ka tarar da inda ta ci wani abu, da inda ta bar wani.

Kyamara, idan ka juya ta zuwa M, wato yanayin da kai ne ke saita komai da hannunka, abu uku take danƙa maka. Akwai faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikin gilashi, wanda ake rubutawa f/1.8, f/5.6, f/16, ƙaramar lamba babbar ƙofa, kuma ita ce ke narkar da bayan mutum. Akwai tsawon lokacin da labulen ciki zai buɗe, 1/30 ko 1/1000 na daƙiƙa. Sai ISO, wanda idan ka ɗaga shi hoto ya yi haske amma ya fara yin yashi-yashi. Duk wanda ka taɓa, dole ka biya da ɗayan sauran. A ɗakin kwanan ɗalibai na fara gane wannan, da fankar silin. A 1/15 fukafukanta sun narke sun zama faifai guda. A 1/1000 sun tsaya cak har ana ganin ƙurar da ke bakinsu, amma hoton ya yi duhu sai da na ɗaga ISO sosai, nan kuma yashin ya cika bango. Wannan gwajin za ka iya yin sa yau da wayarka idan tana da sashen Pro, wanda ake samu a yawancin Samsung da Tecno da Infinix da Redmi. Biyu daga cikin ukun ne za ta ba ka, domin ƙofar gilashin mafi yawan wayoyi a kafe take wuri ɗaya, galibi wajen f/1.8.

Inda za ka ji zafin kafaffiyar ƙofa da rashin dogon gilashi shi ne ranar Hawan Sallah a Ƙofar Soro, ko washegari a Hawan Bariki. Dogarai ba za su bar ka kusa da dawakai ba, kuma da gaskiyarsu. Babban gilashin waya mai faɗi ne, wajen milimita 26 a ma'aunin da aka saba, don haka mahayin da ke kai jahi zai fito ɗan mitsitsi a tsakiyar taro. Idan ka jawo shi da yatsa biyu, yawancin wayoyi yanke hoton kawai suke yi su kumbura shi, kwalliyar lifidi da aikin sirdi su dame. Kyamara mai dogon gilashi, mai milimita 55-250 na Canon ko 55-200 na Nikon, za ta kawo maka fuskar dokin da kumfar bakinsa daga inda kake, a 1/1000 kuma har ƙasar da kofato ya watsa za ta tsaya a iska. Akwai wata dabarar da ta fi wannan daɗi: ka sa 1/60, ka bi dokin da kyamara yana gudu, ka danna ba tare da ka tsayar da hannu ba. Mahayin zai fito sarai, jama'ar da ke bayansa su zama zirin launi. A rana tsaka, kyamara tana iya wannan ne saboda za ka tsuke ƙofar zuwa f/16 ko f/22 ka bar ISO a 100. Waya mai kafaffiyar ƙofa idan ka sa mata 1/60 cikin ranar Katsina, fari fat hoton zai fito, sai dai in ka manna mata baƙin gilashin rage haske.

Farar shadda ma jarrabawa ce mai zaman kanta, kuma ita za ka fi haɗuwa da ita a filin Idi da wajen ɗaurin aure. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa ruwan toka matsakaici. Idan farar babbar riga ta cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, rigar ta yi dukun-dukun, fuskar mai ita ta nutse. Maganin shi ne ka ƙara haske da mataki ɗaya, ko ƙasa da haka kaɗan, kana lura kada aikin wuyan rigar ya ƙone ya ɓace. Idan da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta riga ta sarrafa ba, za ka iya dawo da wani abu daga inda ya yi fau a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, abin da JPEG, fayil ɗin hoton da aka saba, ba ya yarda da shi sosai. A waya za ka taɓa fuskar ka ja alamar rana sama ko ƙasa, sau da yawa kuma ta fi tsohuwar kyamara saurin daidaita fuska da riga a tare. Amma wanda ya warware wannan da hannunsa sau ɗaya a kyamara ba ya sake mantawa.

Maganar dare tana buƙatar adalci. Sensa ita ce ɗan farantin da ke kama haske a cikin kyamara. Ta Canon 600D, wadda ta fito a 2011, faɗinta milimita 22.3 da 14.9 ne, ta ninka ta matsakaiciyar waya fiye da sau goma. Kada lambar megafiksel da ke jikin kwalin waya ta ruɗe ka. Wadda aka rubuta wa 50 ko 108 yawanci haɗe su take yi ta ba ka wajen 12. Duk da haka, tsohuwar kyamara da gilashin 18-55 da ake sayar da ita da shi, wanda ƙofarsa ba ta wuce f/3.5 zuwa f/5.6 ba, tana iya ba mafari kunya da dare. Ka ɗauki Ƙofar Ƙaura bayan Isha'i da waya a yanayin dare, za ta iya fin kyamarar da ke hannunka babu sandar ɗorawa, tunda gini ba ya motsi, waya kuma tana tara haske na 'yan daƙiƙu. A wajen kamu ko walima, inda amarya ke juyawa ƙawaye na rausaya, wannan tarawar ita ce ke jawo fuska biyu da hannu uku. A nan kyamara da gilashin milimita 50 mai f/1.8 ba ta da abokin karawa a kuɗinta. Idan kuma ka ga baƙaƙen layuka ko launi yana sauyawa a ƙarƙashin fitilun ɗakin taro, koma 1/50 ko 1/100, domin wutar Najeriya zagaye 50 take yi a daƙiƙa.

Kuɗin kyamara ba ya ƙarewa ranar saye. Za ka nemi batir na biyu saboda halin wutarmu, da memori, da abin karanta memori a waya, tunda 600D da D3200 duk ba su da Wi-Fi a jikinsu. Ga ƙurar hunturu, wadda ke shiga ciki duk lokacin da ka cire gilashi. Ka riƙa sauyawa a ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa, kada kuma ka kai yatsa ko gefen riga kan sensa. Sannan mutane suna sauya fuska idan suka ga babbar kyamara. Dattijon da ke ɗinkin hula a bakin shago zai gyara zama ya ɗaure fuska, abin da ya ja hankalinka tun farko ya tafi. Da waya an fi sakin jiki. Ko da wacce ka fita dai, yi sallama ka nemi izini, musamman ga mata da dattawa da yaran mutane, kuma kada ka nufi shingen jami'an tsaro da ko ɗaya.

Zaɓinka na uku, ƙara kuɗi a sayi waya mai tsada, shi ne wanda ba na goyon baya ko kaɗan idan koyo ne nufinka. Hotunanka za su fi na da kyau, kai kuma kana nan inda kake.

Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka zuwa ƙarshen wannan zangon karatu. Ka bar wayar a Pro, ka daina taɓa yanayin da ke yi maka komai, ka riƙa buɗe bayanan kowane hoto kana duba lambobin da aka ɗauke shi da su. Idan za ka turo mana mu duba ta WhatsApp, turo shi a matsayin fayil don kada a matse shi. Ranar da ka iya nuna hoton da ka so ɗauka waya ta hana ka, ka kuma faɗi ko nisa ne, ko gudu cikin duhu, ko ƙofar gilashi, to lokacin saye ya yi, kuma za ka san gilashin da za ka nema. Amma idan niyyarka ka fara karɓar aikin biki da suna don ka riƙa rage wa kanka kuɗin makaranta, jira ba shi da amfani, sayi kyamarar yanzu, ka fifita gilashin 50 a kan jikin kyamara mai tsada, ka kuma bi wani mai hoto zuwa 'yan bukukuwa kana riƙe masa fitila kafin ka karɓi naka.

Idan ka je saye, tafi da memorinka, kuma kada ka biya sai ka gwada. Tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Labulen D3200 an ƙera shi ne a kan kimanin dannawa 100,000, kuma Nikon na rubuta adadin a bayanan hoto. Cire gilashin ka haska shi da tocilan waya ka duba ko akwai zare-zaren fumfuna a ciki. Sa f/22 ka ɗauki farin bango, duk wani tabo da ke kan sensa zai bayyana. Idan D3200 ce, tabbatar gilashin da za ka haɗa mata yana ɗauke da rubutun AF-S, domin ba ta da injin saita gani a jikinta, tsohon gilashin 50 mai alamar D kuwa da hannu za ka riƙa murza shi.