Istanbulkart: jan katin da ya ɗauki ni da Baba kwana tara

Daren da muka sauka Istanbul tasi muka hau, kuma ita ce ta farko ita ce ta ƙarshe. Sabon filin jirgin, wanda aka buɗe a 2018, yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari, mu kuwa masaukinmu a Laleli yake. Direban ya ce mitarsa ta lalace, ya yanka kuɗi, na sa baki zan yi ciniki sai Baba ya dafa gwiwata ya ce, "Bar shi, dare ya yi." Na biya ina haɗiyar zuciya. Washegari mai karɓar baƙi a masauki ya ji abin da na bayar, ya girgiza kai, ya zaro wani jan kati daga aljihunsa ya nuna min. Ya ce sunansa Istanbulkart, in je tashar tiram da ke bakin titi in saya. Da ɗan gari akan ci gari.

Katin bai fi katin banki girma ba. Tun 2009 ake amfani da shi, kuma kusan duk abin hawan gwamnati a birnin yana karɓarsa: bas, tiram, jirgin ƙarƙashin ƙasa, dogayen bas na Metrobüs masu hanyarsu daban a tsakiyar babban titi, jiragen fito na ruwa, har ƙananan taragun da ake ja da igiyar ƙarfe su hau tudu. Wasu banɗakunan jama'a ma da shi ake shiga. Ana sayensa a wani inji ruwan ɗorawa da ake kira Biletmatik, wanda ke tsaye a bakin tashoshi. Ka zaɓi harshe, akwai Turanci akwai Larabci, ka biya kuɗin katin, sannan ka ɗora shi a ma'ajinsa ka zuba lira. Abu ɗaya da ya kamata baƙo ya sani tun kafin ya miƙa hannu: in za ka zuba kuɗi, duk takardar da ka tura ita za ta shige cikin katin gaba ɗaya, babu zancen canji. Kuma takardar ta kasance miƙaƙƙiya. Tawa ta farko ta kwana a dunƙule cikin aljihun wando, sau uku injin yana tofo min ita, sai da na goge ta a cinya kamar mai guga.

Kati ɗaya muka saya mu biyu. In taɓa, ƙarfen shinge ya saki, Baba ya wuce, in sake taɓawa in bi shi. Hakan ya yi mana daidai don Baba ba mai riƙe ƙananan abubuwa ba ne, carbinsa kaɗai ne bai taɓa ɓatarwa ba. Sai dai a rana ta uku wannan dabarar ta kunyata ni. A tashar Sultanahmet na taɓa masa ya wuce, na taɓa nawa sai wata murya ta ce da ƙarfi, "Yetersiz bakiye." Kuɗi sun ƙare ke nan. Baba yana can ciki, ni ina waje, tiram ya taho, ga layi a bayana. Ya ɗago sanda yana cewa, "Kai, me ka tsaya yi?" Na ce, "Baba, kada ku shiga, ku jira ni!" Na ruga inji, na dawo, tiram biyu sun wuce. Laifina ne, domin allon shingen yana nuna abin da ya rage duk lokacin da ka taɓa, ni ne ban kalla ba. Daga ranar kullum da safe nake cika shi kafin mu motsa, kuma nakan zuba fiye da lissafina, tunda kuɗin hawa a Turkiyya yana tashi tare da faɗuwar lira, abin da wani ya gaya maka ya biya bara ba shi za ka tarar ba.

Layin da baƙo zai fi shaƙuwa da shi shi ne tiram na T1, daga Bağcılar zuwa Kabataş. Kamar an zana shi ne don mu: Aksaray, Laleli inda 'yan kasuwa ke sarin tufafi, Beyazıt a bakin babbar kasuwa mai rufi ta Kapalıçarşı, Sultanahmet inda Ayasofya da Masallaci Mai Shuɗi suke fuskantar juna, Sirkeci, Eminönü, sannan ya haye gadar Galata ta gefen masu kamun kifi da fatsa. Birni ne na mutum sama da miliyan 15, don haka da yamma cikin taragon ba masaka tsinke, jaka a gaba ake rungume ta. Amma ko sau ɗaya Baba bai yi tafiya a tsaye ba. Da ya sa ƙafa wani saurayi zai miƙe ya ce, "Buyur, amca," wato bismillah, baffa. Baba ya haddace kalmar, har ya fara kirana amca in yana son tsokana.

Abin da ya kawo Baba, ban da ganin likitan gwiwa, ziyarar kabarin Abu Ayyub al-Ansari ne, sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa lokacin Hijira, ya kuma rasu a bakin ganuwar wannan birni wajen yaƙi. Masallacin Eyüp Sultan an fara gina shi ne a 1458, shekara biyar bayan Sarki Muhammadu al-Fatih ya ci garin. Daga Eminönü akwai tiram na T5 da ke bin gaɓar ruwan Haliç har Eyüpsultan, babu hawa babu gangara. Mun je, Baba ya daɗe tsaye gaban tagar kabarin bai ce komai ba. Da muka fito na lallaɓa shi muka hau ƙaramin keken igiya da ke ratsa saman maƙabarta zuwa tudun Piyer Loti, da katin nan dai. Idonsa a rufe har muka isa, yana ta salati.

Inda katin ya biya ni kuɗina har da riba shi ne kan ruwa. A Eminönü masu shela suna tare baƙi da tallar yawon jirgin ruwa a Bosforus, mashigin tekun da ya raba birnin tsakanin Turai da Asiya. Ban ce kada a je ba. Amma taku kaɗan daga wurinsu ga mashigar jirgin fito na 'yan gari, ka taɓa kati kamar za ka hau bas, cikin minti ashirin ko ƙasa da haka ka bar Turai ka sauka Asiya. Mun hau na Üsküdar gab da magariba. Muka zauna a bencin waje, wani mai tire ya zo da shayi a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, Baba ya karɓa da hannu biyu saboda iska. Yara suna gutsura simit, burodin nan mai zobe da riɗi, suna jefa wa fararen tsuntsayen teku, su kuwa suna cafewa a iska ba ya taɓa ruwa. A bayanmu hasumiyoyin masallacin Süleymaniye sun yi baƙi a jikin jan sama. Matar da ke kusa da mu ko ɗaga kai ba ta yi ba, daga aiki ta taso, wayarta take dannawa. Muna sauka aka kira salla a masallacin Mihrimah Sultan da ke daidai bakin mashigar, ginin shahararren magini Sinan na 1548. Baba ya ce, "Gobe ma nan za mu zo." Sau huɗu muka je.

Dawowa ɗaya muka yi ta Marmaray, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe ranar 29 ga Oktoba 2013. Daga Üsküdar zuwa Sirkeci minti huɗu ne, bututun kuma yana kwance kusan mita 60 ƙasa da fuskar ruwa. Aikin ya yi jinkirin shekaru saboda da ana haƙa a Yenikapı aka ci karo da tsohuwar tashar ruwa ta zamanin Rumawa da gawar jiragen katako 37. Na ba Baba wannan labari muna ciki. Ya dubi tagar, duhu kawai, ya ce, "To ina ruwan?" Mai sauri ya bi Marmaray, mu dai ba mu sake ba. Tünel ma mun ɗana, tsohon taragon 1875 da ke hawa daga Karaköy zuwa Beyoğlu, wanda jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ne kawai ya girme shi. Minti biyu bai cika ba, amma ya ɗauke wa gwiwar Baba tudun da matashi ma sai ya yi haki.

Tudun nan shi ne iyakar katin. Zai kai ka tasha, ba zai kai ka ƙofa ba. Istanbul gari ne na hawa da gangara da duwatsun daɓe, taswirar waya ta ce maka minti bakwai a ƙafa, ba za ta gaya maka rabinsa matakala ba ne. Wasu tashoshin ƙarƙashin ƙasa suna da zurfi sosai, sauya layi kuma tafiya ce mai zaman kanta. Mai tafe da dattijo ya nemi alamar "asansör", lif ke nan, tun daga bakin titi. Ƙananan motocin dolmuş kuwa tsabar kuɗi akan miƙa, don haka kada aljihu ya rasa 'yan canji.

Ranar komawa na so mu bi jirgi har filin jirgin sama: M2 daga Vezneciler zuwa Gayrettepe, daga nan M11 da aka fara buɗewa a 2023. Mai jaka ɗaya zai ji daɗinsa. Mu akwati uku gare mu da sanda, sai mai masauki ya shirya mana mota, aka yanke kuɗi tun kafin a ɗora kaya. Katin akwai sauran 'yan lira a ciki. Na ce zan ba yaron da ya sauko mana da akwatuna, Baba ya miƙo hannu ya karɓe, ya sa a aljihun da carbinsa yake, ya ce likita ya ce a dawo bayan wata shida.