Soson bango na 3D a ɗakin ƙaramin yaro: kyau kam akwai, amma bazara ta tona masa asiri

Soson bangon nan mai siffar bulo, wanda masu kayan ado ke kira 3D, shi ake fara nuna wa duk wanda ya shiga kasuwa a Katsina yana neman kayan gyaran ɗakin yaro. Shi na sa a ɗakin ɗana mai shekara biyu, kuma da farko ya burge ni ƙwarai.

Kowane falle santimita 70 ne a tsaye, 77 a kwance, da gam ɗinsa a baya, sai dai a ɓare takardar a danna. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12, in an cire faɗin ƙofa, falle 16 ne ke zagaye shi layi ɗaya, layi biyu kuwa 32. Almakashi na yanka shi, ba sai an kira ma'aikaci ba. Yaro mai tatata in ya bugi bango ba ya kumbura.

Matsalar ta fito ne da zafi ya kankama. A watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, bangon da ke kallon yamma kuma yana shan rana tun azahar har la'asar sakaliya, bulon siminti ya riƙe zafin har dare. Sai gam ya yi laushi, bakin fallayen ya fara ɗagowa ta sama da kuma wajen haɗi. Babba zai ga abin kamar ba komai. Yaro kuwa da ya ga baki a ɗage sai ya sa farce, soson ya yage cikin sauƙi, abin da ya yago kuma baki yake kai wa. Guntun soso na iya maƙale wa ɗan shekara biyu a maƙogwaro. Wannan shi ya ɓata min rai da kayan, wallahi, domin ɗakin yara ake tallarsa da shi, amma ba mai shagon da zai ce maka uffan a kan haka.

In za a yi adalci, ba duka laifin soson ba ne. Yawancin bangonmu fenti mai ruwa ne mai arha a kan sikiridin (shafen da ake yi wa bango ya yi sumul kafin fenti), wanda in ka shafa tafin hannu sai ka ga farin gari. Ga ƙurar hunturu a kai. Wannan farin garin gam ɗin yake kamawa, bai kai ga bango ba. Gwajin mai sauƙi ne: manna salatif ka fizge, in ya taho da fenti, to kada ka manna komai tukuna. A goge bangon da tsumma mai ɗanshi, a bar shi ya kwana ya bushe, a yi masa shafi ɗaya na fenti mai mai, a bar ɗakin a buɗe har warin ya fita. Bayan an manna, a danne bakin sama da siririn katako da ƙananan ƙusoshi. Kada a ƙara masa gam ɗin masu gyaran takalmi, warinsa bai dace da inda yaro ke kwana ba. Bangon da ke jan ruwa da damina kuwa a haƙura da shi gaba ɗaya, soson zai rufe ɗanshin ne har ya yi funfuna. In an bi wannan, a bangon ciki wanda rana ba ta duka, yana zama daram.

To amma ko ya zauna, sauran haushin na nan. Ramukan da ke tsakanin bulolin suna tara ƙura, farin ya koma ruwan ƙasa. Zanen biro ba ya fita sosai. Duk inda ya ɗan ɗago, kyankyasai sun samu ɗaki. Yana kuma narkewa da wuta, don haka a nisanta shi da soket, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turaren wuta. Cire shi ma wani aiki ne: yagewa yake yi ya bar gam da ɓurɓushin soso, ko ya taho da fentin. Mai zaman gidan haya ya shirya rigima da mai gida.

Ni dai yanzu ƙasan bango fenti satin nake ba da shawara, wanda ake gogewa da ruwa da sabulu. Mai son soson don ado ya fara shi daga santimita 120 zuwa sama, inda hannun ɗan shekara biyu ba ya kaiwa, a kuma janye gado da durowa daga jikin bangon, don in ya taka su zai kai.