Wayarin gida ko haɗa sola ga mai sauya sana'a bayan shekara 40

Wayarin gida yana cin jiki: sassaƙar bango, binne bututu, hawa tsani. Amma a nan ake koyon tushe, kamar waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu da 2.5 ga soket. Mahaɗar wayoyin da ba a ɗaure da kyau ba takan yi zafi har ta ƙone.

Sola ta fi bukatar lissafi, abin da tsohon ma'aikacin ofis zai ji daɗi. Kayan wat 1,200 a kan batiri mai bolt 12 suna jan kusan amfiya 100 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne), don haka siririyar waya narkewa za ta yi. Kuma faifan sola ba ya daina fitar da wuta muddin akwai rana. Mai ciwon gwiwa ya karkata ga sola, amma sai ya iya wayarin tukuna.