Hattara da masu "aikin rubutu a intanet" da ke karɓar kuɗin rajista

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa, Ngaundere har zuwa Kusiri a nan Kamaru. Wannan abin a gidanmu ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba.

Ɗan yayata ya gama digiri a jami'ar Ngaundere, ya dawo Garwa ya shekara a zaune ba aiki. Yaro ne mai alƙalami, Faransancinsa tsaf, Turancin ma ba laifi. Watan jiya ya ga talla a Facebook, wai wani kamfani a Turai na neman marubuta, shafi ɗaya sefa 5,000, kana ɗakinka. Yana dannawa aka jefa shi wani zauren WhatsApp da shugabanni kaɗai ke da bakin magana. Kowace safiya sai su zubo hotunan saƙon shigar kuɗi, wai na waɗanda aka biya jiya.

Da farko suka ce gwaji. Kalma 1,500 a kan noman auduga. Na gan shi da idona a zaure, kwana biyu yana bugawa a waya da babban yatsa, in an ɗauke wuta ya ruga shagon caji ya tsaya a kai. Ya tura, ko minti goma ba a yi ba aka ce ya ci. Wa ya karanta kalma 1,500 ya auna ta a minti goma? Daga baya muka gano kowa da batun da aka ba shi, kuma kowa ya ci. Rubutun kyauta suke tarawa.

Sai rajista, sefa 7,500, a tura ta waya zuwa lambar wani mutum, ba ta kamfani ba. Aka buɗe masa wani shafi da ke nuna kuɗinsa na hawa duk rubutun da ya miƙa, har ya kai 86,000. Ranar da ya nemi cirewa aka ce sai ya biya 20,000 na canji, wai yuro ya tashi. Nan ƙaryar ta fito fili ga wanda ya sani: sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya 655.957, ba ta hawa ba ta sauka. Shi bai tsaya tunani ba, idonsa na kan 86,000. Uwarsa ta ɗauki kuɗin adashinta ta ba shi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don na san yadda take tara su, ƙosai take soyawa tun asuba.

Bayan la'asar ya same ni da waya a kunne. "Kawu, ga su a layi, sun ce in danna wasu lambobi in sa lambar sirrina kuɗin su shigo." Na karɓe wayar na kashe. Na ce, "Ɗana, tun da kake karɓar kuɗi ta Orange Money ko MoMo, ka taɓa sa lambar sirri don kuɗi su shigo? Sai in za su fita." Ya yi shiru, ya zauna a bakin tabarma. Da ya danna, da sun share ɗan abin da ya rage.

Kada wani ya ce na hana yara neman na kansu. Aikin rubutu a intanet gaskiya ne, akwai masu ci da shi. Buɗe asusu a Fiverr ko Upwork, shafukan da ke haɗa masu neman aiki da masu ba da aiki, kyauta ne. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100, amma daga kuɗin da wanda ya ba ka aikin ya riga ya biya, ba daga aljihunka ba. Upwork na sayar da ɗan tikitin neman aiki, shi ma a cikin shafinsu ake saye, ba wanda zai kira ka ya ce tura wa lambata. Kuma farawa da wuya: sai ka ajiye samfurin rubutunka uku ko huɗu, ka yi ta nema, wata ya wuce ba wanda ya kula ka. Mai ce maka daga yau kuɗi za su fara zuba, gumin ka yake so da na uwarka.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne katin ɗan ƙasa. Sun sa ya tura hotonsa gaba da baya, har da wanda yake riƙe da shi kusa da fuska. Da wannan za a iya buɗe layi ko asusu da sunansa a cuci wani, a zo a kama shi. Shi ya sa washegari muka tafi wajen jandarmomi da hotunan hirar duka da lambobin da aka tura wa kuɗi, aka rubuta. Ƙasar nan na da dokar laifukan intanet tun Disamban 2010, ga kuma ANTIC, hukumar kula da fasahar sadarwa ta ƙasa, da ke karɓar irin wannan ƙorafi. Wanda abin ya shafa kada kunya ta sa ya goge hirar, ita ce shaidarsa.

Sefa 27,500 dai ba su dawo ba. Zauren ya canza suna, tallar kuma na sake ganinta shekaranjiya, yanzu wai masu fassara zuwa Hausa da Fulatanci suke nema, rajista ta koma 10,000.