Hoton MRI ko gwajin TMS: amsa ga 'yar'uwarmu ta Pantami

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Kin ce ɗanki mai shekara 6 yana da shanyewar ƙwaƙwalwa da ta kama masa hannu da ƙafar dama, likita a nan Gombe ya rubuta a yi masa MRI, sai ƙaninki da ke karatu a waje ya ce akwai wani gwajin maganaɗisu mai suna TMS da ya fi shi. Kina tambayar wanne za ki bi.

Su biyun duk da maganaɗisu suke aiki, amma tambayar da kowanne ke amsawa daban ce. MRI hoto ne. Yana nuna inda ƙwaƙwalwa ta samu rauni, da girmansa, wani lokaci har a gane ko tun a ciki abin ya faru ko wajen haihuwa. A yawancin yara masu wannan lalura, fiye da kashi 80 cikin 100, ana ganin wani abu a hoton. Shawarar jarirai mai tsanani tana barin nata tambarin can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, ƙarancin iska lokacin doguwar naƙuda shi ma da nasa. Wahalarsa ita ce dole yaro ya kwanta cik na kusan rabin awa a cikin na'ura mai ƙara, shi ya sa sau da yawa sai an ba shi maganin barci.

TMS kuwa ba ya ɗaukar hoto. Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fito da shi a Shefil ta Ingila a 1985. Yaro yana zaune idonsa biyu, a manna masa 'yan wayoyi a tsokar gindin babban yatsa na hannu biyu, a ɗora wani faifai a gefen kansa. Sai ki ji "tak". Bugun maganaɗisun ya ratsa ƙoƙon kai ya taɓa sashen da ke ba da umarnin motsi, saƙon ya gangara ta laka, yatsa ya ɗan harba, kwamfuta ta rubuta ƙarfinsa da lokacin da ya ɗauka. A babban mutum kusan kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa ne. Kamar mai gyaran wuta ne ya danna makunni ya ga wane ƙwai ya kama.

A nan ne amfaninsa yake ga irin ɗanki. A bisa tsari, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hannun dama, domin yawancin jijiyoyin suna tsallakawa ɗaya gefen a ƙasan ƙwaƙwalwa. Jariri yana zuwa duniya da hanyoyi zuwa gefe biyu, a hankali na gefe ɗaya su ja baya. Idan ɓarin hagu ya samu rauni da wuri, ɓarin dama mai lafiya yakan riƙe hanyoyinsa ya ci gaba da tuƙa hannu biyu. A gwajin, sai a buga gefe mai lafiya, yatsun hannu biyu su harba tare. Yaran da ɓarin da ya samu rauni ke tuƙa hannunsu mai rauni har yanzu, galibi sun fi iya amfani da hannun. Hoton MRI na yau da kullum ba ya faɗin wannan kai tsaye.

Kina iya ganin alamar cewa ɓari ɗaya ne ke tuƙa hannu biyu a tsakar gida. Ki sa shi ya ajiye hannu biyu a kan cinya, ya riƙa haɗa babban yatsa da sauran yatsun hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, ke kuma ki zuba wa hannun dama ido. In yana kwaikwayo ba da saninsa ba, sosai, ki faɗa wa mai yi masa gashi. Ɗan kaɗan dai ana samu ko a yara masu lafiya a shekarunsa.

To amma ni a ganina kada ki ɗaga MRI saboda maganar ƙaninki. TMS na auna hanyoyin motsi a yara har yanzu yawanci a cibiyoyin bincike ake yinsa. Ƙananan yara kuma sai an ƙara ƙarfin bugu sosai kafin tsoka ta amsa, wasu ma ba ta amsawa ko da hanyar tana nan. Mai farfaɗiya sai da taka-tsantsan, kuma farfaɗiya ba baƙuwa ba ce a cikin waɗannan yara. Mai ƙarfe ko na'urar ji da aka dasa a kai ba a yi masa. Kada kuma a ruɗe ki da TMS na magani, wanda Amurka ta amince da shi a 2008 don ciwon damuwa a manya. Wancan jerin bugu ne na makonni, aikinsa dabam.

Ko an yi gwajin, sakamakon ba ya sauya gaskiyar cewa atisaye ne ke gina hannu. Masu bincike sun duba ko zai taimaka wajen zaɓa tsakanin ɗaure hannu mai lafiya don a tilasta wa mai rauni aiki, da atisayen hannu biyu tare, amma bakinsu bai zo ɗaya ba tukuna. Idan kin koma asibitin koyarwa, ki tambayi likitan yara me yake nema a hoton, da ko za a ba shi maganin barci, domin in za a ba shi akwai awannin da zai yi bai ci komai ba kafin a shiga da shi.