Manhaja ko lambar dannawa: wacce ta fi amfanar mai ƙaramin ƙarfi wajen tara maki?

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki sayi babbar waya ki sauke manhajar kamfanin sadarwa domin ki riƙa samun maki da garaɓasa, ko kuwa ki ci gaba da danna *126# na MTN MoMo da #150# na Orange Money (hanyoyin turawa da karɓar kuɗi ta waya) a ƙaramar wayarki, tunda cinikin ƙosanki a Garwa ta ƙasar Kamaru kuɗinsa kaɗan-kaɗan yake shigowa.

Manhaja tana da nata alherin. A Max it, wadda Orange ta fitar a ƙarshen 2023, ko a manhajar MoMo, mutum yana ganin kuɗinsa da tayin da aka yi masa a fuska ɗaya, ba ya bin jerin lambobi yana tsoron layi ya yanke kafin ya gama. Wanda ke gani kullum ya fi tunawa ya karɓi ladansa kafin wa'adinsa ya wuce.

Sai dai kafin a kai ga ladan akwai kashe kuɗi. Manhaja tana son waya mai wadataccen wuri, tana son data, tana neman sabuntawa lokaci-lokaci, kuma batirin babbar waya ba ya jure ɗauke wutar da muke sha lokacin zafi, sai an kai caji an biya. Rubutun cikinta kuma Faransanci ne ko Turanci, don haka wadda karatunta na allo ne sai ta miƙa wa yaro wayar, wani lokaci har da lambar sirrinta, abin da nake ganin haɗarinsa ya fi kowace garaɓasa girma. Lambar dannawa ita ma ba da Hausa take ba, amma hannu ya riga ya haddace matakanta, kuma ba ta cin data ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake lissafin maki: gwargwadon abin da ka kashe, gwargwadon abin da ka tara. Ɗan kasuwar da ke tura kuɗin kaya zuwa Duwala yana cika ma'auni da wuri, mai sayen katin sefa 100 ko 200 kuwa takan daɗe ba ta kai matakin farko ba, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora kan turawa da cirewa tun Janairun 2022, wanda babu manhajar da ke ɗauke shi. Ladan ma sau da yawa data ce ko mintunan kira masu ƙarewa da wuri, ba kuɗin da zai sayi wake da mai ba.

A halin da kike ciki, Hajiya, kada ki taɓa jarinki saboda maki. Idan akwai babbar waya a gidan, a sauke manhajar a gwada wata guda, a rubuta kuɗin data da na caji a gefe ɗaya, ladan da aka karɓa a ɗaya gefen, sannan ki yanke shawara.